Gafara Dai: Daga Lungunan Kurmi Zuwa Bakin Tafkin Titiwangsa

Wata Asabar da hantsi muna zagaya tafkin Titiwangsa ni da surukata, Hajiya, a hankali a hankali, kamar yadda likita ya ce ta riƙa yi bayan aikin gwiwar da aka yi mata. Watanta biyu da zuwa daga Kano. Tafkin nan tsohon ramin haƙar kuza ne, irin waɗanda muka sani a kewayen Jos, aka gyara shi ya zama wurin shan iska. Daga bakinsa kana hango tagwayen benayen Petronas, kuma babban asibitin Kuala Lumpur yana nan kusa. A ƙarshen 2019 aka sake buɗe shi bayan wani babban gyara. An ware wa masu keke hanyarsu, amma akwai wuraren da hanyoyin ke haɗuwa, kuma ranar hutu kowa shiga ta kowa yake yi.

A irin wannan mahaɗa ce wani saurayi ya taho ta bayanmu a kan keken haya. Bai kaɗa ƙararrawa ba sai da ya rage taku biyu tsakaninsa da Hajiya. Ta firgita, ta matsa dama, shi kuma ta daman ya nufi wucewa. Ya damƙe birki, tayar gaba ta shafi zanenta, ni kuma na cafke damtsenta. Allah ya kiyaye ba ta faɗi ba. Yaron ya sauka jikinsa na rawa, yana ta ba da haƙuri yana kiranta makcik, wato gwaggo ko inna a bakin Malayu.

Da muka samu benci ta zauna ta huta, sai ta ce, "Ke 'yar nan, su a garin nan ba a cewa gafara?"

Na ce, "Ai ya kaɗa ƙararrawa, Hajiya."

Ta ce, "Ƙararrawar da aka kaɗa mini a ƙeya? Wannan ai tsawa ce."

Maganar nan ta zauna mini a rai. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin masu karaya, na san abin da faɗuwa ɗaya kan jawo wa mai shekara 70. Shi ya sa na bi sawun abin, don in ga yadda aka yi muka taso daga gafara muka iso tsawa.

Tun kafin a san keke a ƙasar Hausa, hanya ta kowa ce. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa, ya san irin lungunan da nake nufi. Mutum biyu da ƙyar suke giftawa, amma a nan jaki da mangala zai bi, ɗan dako da buhu a ka zai bi, mai tallar fura za ta bi, makaho da ɗan jagoransa su ma su bi. Babu fitilar hanya, babu fenti a ƙasa. Abin da ke raba wannan cunkoso kalma ɗaya ce: gafara. "Gafara dai!" "Gafara, ga kaya!" "Gafara malam!"

Ku dubi kalmar da kyau. Daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da istigfari. Wanda ya ce maka gafara, yafiya ya roƙa. Wato tun kafin ya iso ya amsa cewa shi ne zai takura maka, shi ne mai kaya, shi ne mai dabba, kai kuma kana da haƙƙin tsayawa inda kake. Da ita ake shiga zauren malami, da ita mace ke neman izinin shiga gidan maƙwabta. Har karin magana ta haifa mana: mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. A yau mukan faɗe ta ga ɗan siyasar da ya cika alkawari, amma asalinta daga kan hanya ta fito. Mai jan sa yakan fara kiran gafara tun daga nesa, tun kafin a hango ƙahon, don mata su janye yara, masu tireda su matsar da kaya. Gargaɗin da ya zo da wuri har ya gundiri mutane, shi ne gargaɗi na gaske.

Fada kuma tana da nata kiran. In sarki ya fito, dogarai da zagage na gaba suna buɗe hanya, ana kiran hattara. Wannan kira ne na iko, kuma kowa ya san na mutum ɗaya ne a gari. Talaka da jakinsa ba ya kiran hattara, gafara yake roƙo.

Wannan ladabi yana da ginshiƙi a karatun zaure. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, malamin Malikiyya da ya rasu a 996 miladiyya, ya wuce ta kan hukuncin da ya ɗora biyan ɓarnar da dabba ta taka a wuyan wanda ke kanta, ko wanda ke janta, ko wanda ke kora ta. A hadisai ingantattu kuma an koya mana cewa wanda ke bisa abin hawa shi ke fara yi wa na ƙasa sallama, kuma kame cuta daga mutane yana cikin haƙƙin hanya. In ka haɗa waɗannan, tsarin ya fito fili. Na sama shi ke fara magana, kuma in aka yi ɓarna shi za a tambaya. Cewa gafara ba ta sauke masa wannan nauyi.

Keke kuwa a Turai aka haife shi, kuma da rigimar masu tafiya a ƙasa ya zo duniya. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya fito da keken katako marar feda a garin Mannheim, ana tura shi da ƙafa. Da yake titunan lokacin duk rami ne da sawun keken doki, sai mahayan suka koma gefen da mutane ke bi. Ba a daɗe ba garuruwa da dama suka hana hawansa a wurin. Kekunan shekarun 1860 masu tayar ƙarfe ne, kwaramniyarsu kaɗai ta isa gargaɗi. Matsala ta fara ne da aka sa wa taya roba a shekarun 1870, keke ya ƙara gudu ya rage ƙara. A daidai wannan lokaci ƙararrawar keke ta bayyana, ana kuma danganta ƙirƙirarta ga wani Bature ɗan Ingila, John Richard Dedicoat, wajen 1877. A 1879 wata kotu a Ingila, a shari'ar wani da aka kama da gudun ganganci, ta yanke cewa a idon doka keke abin hawa ne kamar keken doki. A 1885 John Kemp Starley ya ƙera keke mai tayoyi biyu kusan daidai da juna da sarƙa a garin Coventry, wanda shi ne kakan duk keken da muke hawa yau.

Shekarar 1888 ita ce ta fi ba ni sha'awa. A cikinta John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya yi rajistar taya mai iska, bayan ya gwada ta a keken ɗansa. Daga nan keke ya zama abin da ke iya isowa bayanka ba ka ji motsinsa ba. A shekarar dai majalisar Birtaniya ta sa wani sashe a dokar ƙananan hukumomi da ya wajabta wa mai keke kunna fitila da dare, kuma in zai wuce keken doki, ko dabba, ko mai tafiya a ƙasa, ya sanar da zuwansa da ƙararrawa, ko usur, ko wata hanya da za a ji. Dokar ta yi sharaɗin a yi gargaɗin daga tazara mai ma'ana, kuma kafin a wuce. Da na ga wannan sai na yi murmushi, don abin da mai jan sa a Kano ya daɗe yana yi ke nan ba tare da majalisa ta zauna ba.

A 1888 ɗin ne kuma Henry Ridley ya zama shugaban lambun binciken itatuwa na Singafo. Shekaru kaɗan kafin nan, a 1876, Henry Wickham ya kwaso irin itacen roba kusan 70,000 daga Birazil zuwa Landan, aka tsirar da wasu, aka turo dashe zuwa wannan yanki a 1877. Ridley ya dage yana tallar itacen ga masu gonaki har suka riƙa yi masa kallon mai taɓin hankali. Zuwa shekarun 1920, kusan rabin robar duniya daga Malaya take fitowa, da gumin leburorin da aka kwaso daga kudancin Indiya. Saboda haka mai yiwuwa ne tayar keken da kakanninmu suka hau a Kano da Katsina, daga itatuwan ƙasar nan da muke zaune aka tatso ta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun mutane, kantunan kamfanonin Turawa suka cika da kaya. A hankali keke ya zama dokin ma'aikaci. Malamin makaranta, malamin haraji, malamin gona, duba-gari, masinjan En'e, mai sayen gyaɗa a ƙauye, kowa da nasa. Raleigh na garin Nottingham, wanda muke kira Rali, shi ne sarki, sai Hercules, daga baya Phoenix na Sin ya shigo da sauƙin kuɗi. A wancan lokacin akwai lasin keke da ake yanka a hukuma a ɗaura lambarsa, kuma ɗan doka na iya tare ka in ba ka da ita ko ba ka da fitila da dare. Samari kan yi wa keke ado da ledoji masu launi da madubai, wani ma ya ɗaura ƙararrawa biyu don burga.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma da baƙin Rali ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Ina zaune a kariya ta baya na koyi abin da nake rubutawa yau. In ya shigo lungu, tun daga bakinsa zai kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ƙiriring, ya saki feda keken ya rage gudu da kansa. In ya matso sai baki ya karɓa: "Salamu alaikum, gafara dai." In majalisar dattawa ce a ƙofar gida, sauka yake yi gaba ɗaya ya tura keken har ya wuce su. Haka in ya haɗu da masu ɗauke da gawa, ko makaho yana laluben hanya da sanda. Na taɓa tambayarsa don me yake sauka alhali akwai wurin wucewa. Ya ce, "Uwata, ƙararrawa ba ta san babba da yaro ba, ni ne na sani." A hannun mutanen zamaninsa ƙararrawa ba ta kori gafara ba. Ita takan yi gaba ta ce ga wani nan tafe, sallama ta biyo ta ce ga ko wane ne, birki kuma yana riƙe a hannu.

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar. Ku riƙe wannan rana, za mu dawo kanta. Sai kuɗin Udoji suka zo a 1975, ma'aikata suka jingine kekuna suka sayi babura, Honda da Suzuki da Vespa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, babur ya zama abin neman abinci, acaba ta cika gari. Tare da ita ham ya zama harshen titi. Ham ba shi da sallama, ba shi da roƙo, abu ɗaya yake faɗa: kauce ko in taka ka. Kiran da a da sarki kaɗai ake yi wa, sai ga shi a ƙarƙashin babban yatsan kowane yaro mai babur. An hana acaba ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, 'yan A Daidaita Sahu suka gaji titin, suka gaji ham ɗin da shi. Keke ya koma na almajiri da mai gadi da mai sayar da yogot. Gafara ta rage a bakin 'yan baro da 'yan ga-ruwa masu tura kura, su ma wani sa'in sai ƙarfen ya taɓa maka diddige kake jin ta. Da yawanmu da muka fito waje a cikin wannan hayaniya muka girma, kuma ita muka ɗauka ita ce ƙa'ida.

Malesiya ma ta bi kusan wannan hanya. Basikal, kamar yadda suke kiran keke, shi ne abin hawan mai tatsar roba da ma'aikacin kuza da ɗan makaranta. Har yaƙi an ci da shi. Sojojin Japan da suka sauka Kota Bharu ranar 8 ga Disamba 1941 a kan kekuna da yawansu suka gangaro kudu, suka shiga Kuala Lumpur ranar 11 ga Janairu 1942. Ana ba da labarin cewa in zafi ya fasa musu taya sai su ci gaba a kan ƙarfen, ƙarar kuma ta sa na gabansu su zaci tankokin yaƙi ne. Bayan 'yancin kai a 1957, ƙa'idojin hanya na 1959 suka wajabta wa keke birki da ƙararrawa, da fitila in dare ya yi. Daga nan ƙananan babura da motoci suka mamaye tituna, keke ya ja baya kamar yadda ya yi a wurinmu.

Dawowarsa ta kwanan nan ce, kuma da wata fuska ya dawo, ta motsa jiki da shaƙatawa. A farkon 2018 hukumar birnin, DBKL, ta shafa shuɗin fenti a gefen wasu titunan tsakiyar gari don masu keke. Ana rufe wasu manyan tituna da safiyar Lahadi a bar wa masu keke da masu gudu. Bayan kullen korona da aka fara ranar 18 ga Maris 2020, mutane suka yi rububin sayen kekuna, har a farkon 2021 'yan sanda suka sanar za su tsananta kama marasa birki da ƙararrawa da fitila. Sai dai yawancin sababbin mahayan nan direbobin mota ne a sauran ranakun mako, kuma da hannun ham suke kaɗa ƙararrawa.

Abin mamaki, Malayu suna da tasu gafarar. In mutum zai gifta ta gaban manya yakan ɗan rusuna, ya miƙa hannun dama ƙasa, ya ce tumpang lalu, wato a ara mini hanya in wuce. Suna da maaf, wadda ita ma daga Larabci take, 'yar'uwar afuwarmu. Suna kuma da tepi, wato gefe, wadda in aka maimaita ta da ƙarfi ta zama kauce-kauce. Duka ukun za ka ji su a bakin tafki, kuma ko ba ka jin yaren, sautin zai gaya maka wanne aka yi maka.

Yanzu mu koma ga 1972. Malesiya ba ta taɓa sauya hannu ba, har yau a hagu ake tuƙi, a wuce ta dama. Hajiya kuwa ta yi shekara 50 a garin da in ka ji abin hawa a bayanka, dama kake matsawa ka ba shi hanya. Da ta ji ƙararrawa, jikinta ya yi abin da ya saba, ya kai ta daidai inda yaron ya nufa. Ita ta yi daidai a ƙa'idar Kano, shi ya yi daidai a ƙa'idar Kuala Lumpur, kuma rabin sakan bai isa su gane sun saɓa ba. A wuri irin Titiwangsa, inda Malayu da 'yan Sin da Indiyawa da Larabawa da 'yan Bangaladash da mu muke bin hanya ɗaya, babu mai tabbacin ɓangaren da na gabansa zai matsa.

Ƙasashe sun gwada magani iri-iri. A Amurka mai keke kan yi kira cewa yana tafe ta hagunka, amma sau da yawa kalmar hagu kaɗai kunne ke kamawa, sai mutum ya matsa hagun. A Japan dole keke ya kasance da ƙararrawa, amma doka ba ta yarda ka kaɗa ta don kawai mai tafiya a ƙasa ya ba ka hanya ba, sai don kauce wa haɗari. Kai ne za ka rage gudu ko ka tsaya. Singafo ta kama abin ta wajen gudu: tun Fabrairun 2019 kilomita 10 a awa ne iyaka a hanyar ƙafa, 25 a hanyar haɗaka, kuma a Nuwamban shekarar ta kori ƙananan baburan lantarki na tsaye daga hanyar ƙafa bayan wani ya yi sanadin mutuwar wata dattijuwa. A Landan, da wani saurayi mai keken da ba shi da birkin gaba ya buge wata mata ta rasu a 2016, da dokar 1861 ta zamanin keken doki aka hukunta shi. A Janairun 2022 Birtaniya ta gyara ƙa'idojin hanyarta ta ce wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa. Ta shawarci mai keke ya rage gudu, ya kaɗa ƙararrawa ko ya yi magana cikin ladabi, ya kuma tuna cewa na gabansa zai iya zama kurma ko makaho. Ɗalibin Risala ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Bari in sa farar rigata in faɗi abin da na sani ta wajen aiki. Keken da ke tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a kowane sakan. In ka kaɗa ƙararrawa a tazarar mita uku, ɗan abin da ya haura rabin sakan ka ba mutum ya ji, ya gane, ya yanke shawara, ya ɗaga ƙafa. Ko matashi ba ya iya wannan. Abin da zai faru firgita ce, kuma mai firgita juyawa yake yi wajen ƙarar, ƙafarsa ta bi kansa. In ka kaɗa a mita 20, ka ba shi kusan sakan huɗu, ya waiwaya a natse ku haɗa ido.

Na biyu, kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji da ke hana su jin magana sosai. Kuma jin tsufa daga siririn sauti yake fara tafiya, irin na ƙararrawa. Tsoho na iya rasa ƙiriring ɗinka ya ji muryarka, don ita ta fi kauri. Ga kurame, ga masu iyafis a kunne, ga yara ƙanana waɗanda a wurinsu ƙararrawa na nufin mai askirim ya iso, su ruga wajenta. Kowanne daga cikin waɗannan yana kan hanya kullum, kuma daga baya ba ka iya bambance su.

Na uku, ƙashi. Ba sai keke ya taɓa tsohuwa ba, firgitar kaɗai na iya kayar da ita. In ta tare da hannu, tsintsiyar hannu ta karye. In ta faɗi ta gefe, wuyan ƙashin cinya ya tafi. Wannan karaya ta ƙugu ita muke tsoro, don cikin tsofaffin da ta sama, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ba sa cika shekara, saboda abin da kwanciya ke jawowa: ciwon huhu, gudan jini, gyambon kwanciya. Da yawa cikin waɗanda suka tashi ba sa komawa tafiyarsu ta da. Wanda kuma ke shan maganin tsinka jini, in kansa ya bugu, jini na iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, bayan kwanaki a ga yana ruɗewa ko yawan barci. Irin wannan a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce babu komai. Na riƙe hannun mata da yawa da suka shigo da ƙafarsu ɗaya ta gajarce ta juya waje, kuma kusan duk labarin iri ɗaya ne: abu kaɗan ne, 'yar nan, ban ma san yadda aka yi ba.

Don haka ga abin da nake koya wa 'ya'yana, kuma nake roƙon ku koya wa naku, ko a Kuala Lumpur kuke, ko Jidda, ko Manchista, ko Kumasi. Birki kafin ƙararrawa. A kaɗa ta tun daga nesa, sau ɗaya ko biyu, ba a jere kamar ana kiran 'yan makaranta ba. In an matso a yi magana da baki, da sallama ko gaisuwar mutanen wurin. A duba ko an ji, in ba a ga alama ba a ɗauka ba a ji ba, a koma tafiyar ƙafa ko a sauka. A bar tazarar da ko mutum ya matsa ta inda ba a zata ba, ba za a taɓa shi ba. In an wuce a ce an gode.

Mu ma na ƙasa da namu laifin, kada mu ɓoye. Ranar Lahadi in iyalanmu suka fito, sai mu jeru mu biyar mu tare hanya muna hira kamar a tsakar gida, yara na tsallake-tsallake a layin keke. A riƙe hannun ƙanana, a bar kunne ɗaya a buɗe. In an ji ƙararrawa kada a yi tsalle, a ci gaba a miƙe ko a waiwaya tukuna. Duk wanda iyayensa suka zo masa ziyara, tun ranar farko ya gaya musu hannun da ake bi a ƙasar, ya kuma sa su ta gefen da keke ba ya bi, shi ya tsaya tsakani. Ni ban yi haka ba ranar nan, kuma laifina ne.

Kafin Hajiya ta koma gida, ta sa aka sayo wa jikanta mai shekara 11 ƙararrawa, don keken da muka saya masa bai zo da ita ba. Ta zauna a bencin nan ta sa shi ya yi ta zagaye, in ya kaɗa a kusa da mutum ta kira shi ta ce ya sake. Can sai ga wani tsoho ɗan Sin yana tafe da sanda a tsakiyar hanya. Yaron ya kaɗa tun daga nesa, tsohon bai waiwayo ba. Ya rage gudu har keken na tangaɗi, ya manta Malayancin da na koya masa, sai ji muka yi ya ce, "Gafara dai, Baba." Tsohon ya juyo, ya dube shi, ya matsa gefe ya ɗaga masa hannu.

Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan? Ba sai ya ji Hausa ba."